Yadda ake haɗa bakan balan-balan a gidan suna

In za a yi suna ko walimar saukar Alƙur'ani a unguwar Aboabo ko Asawase da ke Kumasi, a sayo balan-balan na roba mai inci 12 a kasuwar Kejetia tun ana gobe. Bakan ado, wato jerin balan-balan da aka lanƙwasa kamar baka, in tsawon jerin ya kai ƙafa 20 yana cin kusan guda 120. A ƙaro 20, don wasu a hannu za su fashe.

Da famfo ake hurawa, kuma kada a cika shi taf. A yanka rami mai faɗin inci 10 a jikin kwali, duk wanda aka hura a zura shi ciki. In ya wuce da ƙyar, ya yi daidai. Wanda wuyansa ya kumbura ya sha iska da yawa, kuma da rana ta take, iskar cikinsa za ta buɗe ya fashe. Baƙi da shuɗi mai duhu su ke fara fashewa, domin sun fi jan zafi, shi ya sa fari da ruwan hoda suka fi dacewa da waje.

A ɗaure biyu baki da baki, a murɗa su da wasu biyun su zama huɗu, sannan a jera a kan zaren kamun kifi, ana danna kowane rukuni jikin na baya. A kafa bakan da safiyar ranar, a ƙarƙashin rumfa.

Masu tashi sama kuwa, a tambayi mai sayarwa wace iska ya sa. Hiliyom ba ya kama wuta, sai dai yana sulalewa ta jikin roba, kafin kwana ɗaya balan-balan ya sauko. Haidurojin, wanda masanin kimiyya Michael Faraday ya cika balan-balan ɗinsa na roba da shi a Landan a 1824, yana tashi da wuta nan take. A gidan da ake girki da gawayi kada a yarda da shi ko kaɗan. Balan-balan mai ƙyallin ƙarfe kuma a ɗaura masa abu mai nauyi, don in ya taɓa wayar lantarki yana haɗa wuta.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yara. Guntun roba in ya shiga maƙogwaro mannewa yake yi ya toshe numfashi. Yaron da bai kai shekara 8 ba kada a ba shi wanda ba a hura ba, kuma a sa babba ɗaya ya riƙa tsince guntayen da zarar an ji ƙarar fashewa.