Kurakuran da baƙo ke yi a Filifin, daga kwanon abinci zuwa bakin teku

Filifin ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000, kuma mafi yawan mutanenta Kiristoci ne 'yan Katolika. Musulmi kusan 6 ne cikin 100 a ƙidayar 2020, akasarinsu a kudu, can Mindanao da tsibiran Sulu. Wannan kaɗai ya isa ya gaya wa Bahaushe abin da zai tarar a tukunya: naman alade ne kan gaba a girkin ƙasar, kuma ba kullum yake nuna kansa ba. Ɗalibanmu da ke karatu can sun san haka, domin kusan kowa da shi ya fara cin karo.

Babban kuskure shi ne yarda da sunan abinci. Ɗauki adobo, wanda ake yi wa kallon abincin ƙasa. Adobo hanyar dahuwa ce: a dafa nama cikin ruwan kal da ruwan waken suya mai gishiri da tafarnuwa da masoro har romon ya kama jikinsa. Ana yin sa da kaza, ana yin sa da alade, kuma sau da yawa ana haɗa su biyun a tukunya ɗaya saboda kitsen. Ka ga cinyar kaza a sama ka saki jiki, alhali abokin dahuwarta na ƙasa. Kayan lambu ma haka. Pinakbet, wanda kuɓewa ce da kabewa da gauta da sauran ganye, yawanci da 'yan gutsattsarin alade ake fara suyarsa. Faten monggo, wato ƙananan koren wake, ana barbaɗa masa soyayyar fatar alade da suke kira chicharon, kuma ita ɗin ce dai ake daka wa a kan taliyar palabok. Lumpia ɗin da ake kira Shanghai niƙaƙƙen alade ne a ciki. Har cikin kayan fulawa akwai hopia baboy mai kitsensa. Wanda ya fi kowanne yaudara shi ne dinuguan, baƙin romo mai kauri da wasu ke tsokanar baƙi da cewa naman cakulan ne. Jinin alade ne da kayan cikinsa.

Gyaran shi ne tambaya, kuma tambaya ɗaya ba ta isa. A harshensu na Tagalog, baboy shi ne alade, manok kaza, baka naman sa, kambing akuya, isda kifi, hipon jatan lande. Ka ce "May baboy po ba ito?", wato akwai alade a cikin wannan? In an ce "wala", babu ke nan, amma kada ka tsaya nan. Mai abincin tana nufin babu yankan nama da ido ke gani. Ba lallai ta lissafa da chicharon ko tsiran alade ko romon ƙashi ko dunƙulen ɗanɗano mai alade ba. Sai ka ƙara tambayar da wane mai aka soya, da wane romo aka dafa. Turanci na tafiya kusan ko'ina a ƙasar, don haka ba wani aiki ba ne. Ka faɗi kai tsaye cewa kai Musulmi ne. Sun san me hakan ke nufi, domin ƙaramar Sallah da babba duk ranakun hutu ne a hukumance a ƙasarsu.

Tsiren bakin titi kuwa a yi hattara da shi ƙwarai. Ƙamshinsa da yamma yana ja, amma galibinsa alade ne, kuma na kazar ma a kan waya ɗaya ake gasa shi, da buroshi ɗaya ake shafa musu miya. Isaw hanji ne, na kaza ko na alade. Waɗannan baƙaƙen 'yan murabba'ai da suke kira betamax daskararren jini ne. Batun yankan kaza da sa a ƙasar Ahlul Kitabi magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta; ka warware ta da malaminka tun kana gida, kada ka bari sai kana tsaye gaban mai abinci da yunwa.

Sai kuskure na biyu, wanda na farkon ke haifarwa, kuma ni a ganina ya fi ban takaici: mutum ya tsorata, ya koma burodi da shayi da indomi har ya bar ƙasar. An biya kuɗin jirgi mai yawa, an dawo ba a ɗanɗana komai ba. Ƙasar da teku ya kewaye ta ko'ina ba za a rasa abin ci a cikinta ba. Akwai sinigang, romo mai tsami da ake yi da tsamiya da tumatir da ganye. Ka nemi na jatan lande ko na kifin bangus, ka sha da zafinsa a kan farar shinkafa. Akwai gasasshen kifi da aka cusa wa albasa da tumatir a ciki. A Manila da sauran biranen gaɓa akwai kasuwannin da ake kira dampa, inda za ka sayi kifinka ko kaguwarka ɗanye da hannunka, ka miƙa wa gidan abincin da ke gefe su dafa yadda ka ce. Wannan ita ce hanya mafi kwanciyar hankali, tunda kai ka zaɓi abin da ya shiga tukunya. Ka dai yi cinikin kuɗin dahuwar kafin a ɗora, don bisa kilo ake caji.

Wanda ke son nama ba tare da waswasi ba, ya nufi Quiapo a tsakiyar Manila, unguwar da ke kewaye da Masallacin Zinare da aka gina a 1976. Nan ne abincin Musulmin kudu yake. Pastil shinkafa ce da dambun kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, abincin ƙabilar Maguindanao, mai arha da ƙosarwa. Piaparan na Maranao kaza ce da kwakwa da kurkum, kuma su Maranao suna da wani haɗin yaji mai suna palapa, na albasar gargajiya da citta da barkono, wanda zai dawo wa harshenka da hayyacinsa. Tausug na Sulu suna da tiyula itum, baƙin romon naman sa. Baƙinsa daga ƙonanniyar kwakwa yake, kada a ruɗa shi da dinuguan. A Zamboanga da safe ake cin satti, ƙananan tsire cikin jar miya mai zaƙi da yaji. Abin mamaki, da yawa daga mutanen Manila kansu ba su taɓa cin waɗannan ba.

Wani kuskuren shi ne yanke hukunci a lomar farko. Bahaushe zai sa cokali ya ce abincin salam yake, ba yaji, ga tsami ga zaƙi. Gaskiya ne, ban da yankin Bicol da wasu sassan kudu, ba a cika sa barkono a tukunya ba. Amma a can mai ci ne ke ƙarasa girkin. Shi ya sa ake ajiye ƙananan kwanoni a tebur: ka zuba ruwan waken suya ko ruwan kal, ka matse calamansi, ɗan ƙaramin lemun tsaminsu, ka murƙushe ƙaramin barkono a ciki, kana tsoma kowace loma. Kare-kare, miyar gyaɗa da wutsiyar sa, da gangan ake barin ta ba gishiri sosai, domin da bagoong ake cin ta, wato niƙaƙƙen jatan lande da aka tsima da gishiri. Warinsa zai fara korar ka; ka ɗiba kaɗan a bakin cokali. Ka tambaya kuma ko an soya shi da alade, don wasu na yi. Halo-halo, ƙanƙarar da aka kankare aka zuba wa madara da wake mai zaƙi da 'ya'yan itace da shunayyar doyar ube, sai an gauraya shi tun daga ƙasan kofi kafin ya yi ma'ana. Masu cin sa hawa-hawa ƙanƙara zalla suke sha da farko.

Balut kuma, ƙwan agwagwar da aka dafa bayan ɗan ya fara halitta a ciki, ba dole ba ne. Masu ɗaukar bidiyo sun mayar da shi jarabawar jarumta, amma ba shi ne abincin ƙasar ba, kuma malamai da dama na ganin mushe ne. Ka ce a'a cikin fara'a ka wuce. Abin da bai kamata ba shi ne yatsine fuska ko toshe hanci a gaban mai sayarwa.

In ka tarar da mutane suna cin abinci za su ce maka "kain tayo", mu ci. Kamar bismillarmu ce: ladabi ne, ba lallai ka zauna ka cinye musu ba. "Salamat po" ta wadatar. Wannan "po" ɗin girmamawa ce, ka riƙa saka ta ga duk wanda ya girme ka. Da cokali da cokali mai yatsu ake ci, ba wuƙa, kuma cin hannu ba abin kunya ba ne.

Cikinka ma yana da haƙƙi. Ruwan famfo a bar shi, a sayi na gora. A ƙananan gidajen abinci da ake kira carinderia, inda tukwane ke jere kana nuna wadda kake so, ka je da rana tsaka lokacin da ma'aikata suka cika wurin. Abin da ya wuni a buɗe har la'asar cikin wannan zafin ba na baƙo ba ne. Kinilaw ɗanyen kifi ne da aka jiƙa a ruwan kal da citta, yana da daɗi, amma a bakin teku ake cin sa, inda aka kamo kifin da safe.

In aka koma wuraren kallo, taswira ce ke yaudarar mutane. Sai ka ga wani ya jera Banaue da Palawan da Bohol da Boracay cikin mako guda, don a waya duk kusa suke. Daga Manila zuwa Banaue kwana ake yi a mota, awa 9 ko fiye, hanyar duwatsu. Tsakanin tsibirai sai jirgin sama ko na ruwa, kuma sau da yawa sai ka sake biyowa ta Manila ko Cebu. Kowane sauyin tsibiri yini guda ne ya tafi. Mai kwana 10 ya zaɓi yanki biyu ya zauna musu. Wanda ya kai Banaue kuma kada ya tsaya a dandalin ɗaukar hoto na bakin titi ya juyo. Gonakin shinkafa masu hawa-hawa da UNESCO ta sa a jerinta a 1995 suna ƙauyuka irin su Batad da Bangaan da Mayoyao. Batad sai an taka da ƙafa, a kan gaɓar gonakin da mutanen Ifugao ke nomawa har yau, saboda haka a ɗauki ɗan jagora daga garin, a kuma sa takalmi mai kama ƙasa.

Lokacin zuwa ma ana kuskurensa. Guguwar teku kusan 20 ce ke shigowa yankin ƙasar a shekara, mafi yawa tsakanin Yuni da Nuwamba. Haiyan da ta ragargaza Tacloban a Nuwamban 2013 take. Ko ƙarama ce, da zarar hukumar yanayi ta PAGASA ta ɗaga gargaɗi sai a hana jiragen ruwa tashi, ka maƙale inda kake. Disamba zuwa Fabrairu ya fi sanyi da bushewa a yawancin wurare, Maris zuwa Mayu zafi. Tuddan Cakulan na Bohol, sama da 1,200, sai da rani ciyawarsu ke bushewa su yi launin da aka sa musu suna dominsa. Da damina kore shar za ka gani. Dutsen Mayon mai aman wuta a Albay da sassafe ake kallonsa kafin gajimare ya rufe kansa. A makon Ista ƙasar kusan tsayawa take cak, motoci da jirage sun cika, shaguna da yawa a rufe. Kogin ƙarƙashin ƙasa na Puerto Princesa kuwa sai da takardar izini, kuma akwai iyakar mutanen da ake bari su shiga a rana, don haka a nema tun da wuri.

Dokokin wuraren nan ba na wasa ba ne. A 2018 gwamnati ta rufe tsibirin Boracay ɗungurungum na wata 6 saboda ƙazanta. A Bohol akwai tarsier, wata 'yar dabba mai manyan idanu da ba ta wuce tafin hannu ba. Da dare take yawo, hayaniya da walƙiyar kyamara na cutar da ita, kada ka biya kowa don ka riƙe ta. A Oslob ciyar da manyan kifayen teku masu ɗigo-ɗigo da ake kira whale shark ake yi don su tsaya wa 'yan kallo, abin da masana ke suka. A Donsol da kansu suke zuwa a lokacinsu.

Wasu kan tsallake Manila gaba ɗaya saboda gosulo. Gosulon gaskiya ne, titin EDSA zai iya cinye maka rabin yini, amma yini ɗaya a Intramuros ya cancanta. Tsohon birni ne mai ganuwa da Sifaniyawa suka kafa a 1571, a gurbin garin da Rajah Sulayman, sarki Musulmi, ke mulki. A ciki akwai Fort Santiago inda aka tsare José Rizal, gwarzon ƙasar, kafin a harbe shi ranar 30 ga Disamban 1896. Gidan tarihi na ƙasa yana kusa, shiga kyauta. Mindanao kuma kada a yi mata kuɗin goro: Davao da Siargao da Camiguin baƙi na zuwa kullum, amma Sulu da kewayen Marawi, inda aka yi yaƙi a 2017, sai da bincike da ɗan gari.

Ka riƙe tsabar Peso, musamman canji, domin a ƙananan tsibirai na'urar cire kuɗi kan ƙare ko ta rasa sabis, kuma mai jeepney, motar hayarsu ta cikin gari, ba zai canza maka takardar 1,000 ba. Mai fasfon Najeriya sai da biza, ya kuma tafi da katin rigakafin shawara. Ranar dawowa kada ka haɗa jirgin tsibiri da jirgin gida a yini ɗaya; ka kwana a Manila. Filin jirgin Ninoy Aquino tashoshinsa a rarrabe suke, daga wata zuwa wata sai an shiga mota an bi titi, don haka ka duba lambar tasharka a tikiti kafin ka gaya wa direba inda zai kai ka.