Rabon 'yan wasa a gasar faifai ta Ultimate: inda ake yin tuntuɓe

A gasannin nishaɗi da dama na Ultimate, wato wasan jifa da cafe faifan roba tsakanin ƙungiyoyi biyu, a Amurka da Kanada, ba a zuwa da ƙungiya a shirye. Kowa ya rubuta sunansa, sai kyaftin-kyaftin su zauna su raba. Wasan, wanda ɗaliban sakandaren Columbia ta Maplewood a jihar New Jersey suka ƙirƙiro a 1968, mutum bakwai-bakwai ake yi kuma babu alƙali, don haka idan rabo ya karkace babu mai gyara shi a fili.

Kuskuren farko shi ne gaskata makin da ɗan wasa ya ba kansa. Wanda rabonsa da gudu tun yana jami'a sai ya rubuta tara cikin goma, gwani na gaske kuma ya rage nasa don kawaici. Gara a yi tambayar da ba ta da kwana: shekara nawa ka yi kana wasa, ka iya jifa ta ɓangarorin biyu? Sannan tsofaffin hannu su duba amsoshin.

Sai tsarin zaɓe. In kyaftin ɗaya ne ke farawa kowane zagaye, ya kwashe romon. A yi tafiyar maciji, wato a riƙa juya layin zaɓe kowane zagaye: idan ƙungiyoyi takwas ne, mai zaɓi na 8 shi zai yi na 9, na farko kuma ya jira na 16.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne manta batun zuwa fili. Kyaftin ya ga dogo mai tsalle ya yi wuf da shi, bai duba cewa rabin makonnin ba ya gari ba. Ranar wasa sai ka ga mutum bakwai suna haki, babu mai canji, gwanin yana can wurin biki. A sa kowa ya rubuta makonnin da zai zo, a ɗauki wannan da nauyin gwaninta. Haka ma mata: a gasar haɗakar maza da mata ana tsayawa huɗu da uku ne, to ƙungiyar da matanta uku kacal ba su da hutu. A raba su da nasu jerin daban.

Akwai kuma masu cewa sai an haɗa su da aboki ko miji. Ba laifi, amma mutum ɗaya kawai, kuma a lissafa makin su biyun tare. In ba haka ba, gwanaye biyar za su riƙo hannun juna su shigo a matsayin 'yan rakiya.