Yadda ake zuwa hasumiyoyin kaburburan Sillustani a Peru ba tare da tudu ya kayar da kai ba

Kuskuren da na fi gani wajen sababbin zuwa shi ne gaggawa. Mutum ya taso daga Lima, babban birnin Peru da ke bakin teku, ya sauka filin jirgin Juliyaka da hantsi, sai direba ya ce ai Sillustani kan hanyar birnin Puno take, a ratse a gani. Kada ka yarda. Wurin ya haura mita 3,800 sama da teku. Jos da muke yi wa kirarin tudu ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na haka ba. Na ga ƙato ya sauko daga mota da kuzarinsa, kafin ya kai hasumiya ta farko ya zauna bisa dutse yana haki, kai na sara masa, zuciya na tashi. Mutanen can suna kiran abin soroche, kuma ba ya duba ƙarfin jiki.

Don haka mataki na farko shi ne zama. Ka kwana biyu a Puno ba ka yi komai ba. In da hali, ka biyo ta birnin Arekipa, wadda ke kimanin mita 2,300, jiki ya saba a hankali. Ruwa da yawa, abinci marar nauyi, tafiya kamar ta hawainiya. Za a ba ka shayin ganyen koka, ganyen da ake yin hodar iblis da shi, a masauki. Sha ko bari ya rage naka, amma kada ko ganye ɗaya ya shiga jakarka ta dawowa gida, don jami'an filin jirgi ba sa sauraren bayani.

Rana ta uku sai ka tafi. Daga Puno tafiyar ta ɗan wuce kilomita 30. Motocin masu yawon buɗe ido sukan tashi bayan azahar, kuma sun fi araha, amma ni na fi son a yi shatar tasi da safe, kafin iska da jama'a. Ka riƙe canjin sol, kuɗin Peru, a hannu don kuɗin shiga.

In ka hau, kada ka tsaya ɗaukar hoto kawai. Hasumiyoyin, da ake kira chullpa, mutanen Kolla ne suka fara gina su don manyansu, kafin mutanen daular Inka su ci yankin a ƙarni na 15. Dubi duwatsun: masu kaushi su ne na farko, waɗanda aka sassaƙa suka haɗu lif babu kwaɓi kuwa na zamanin Inka ne. Hasumiya mafi tsayi ta kai kimanin mita 12, samanta ya fi gindinta faɗi. Ƙananan ƙofofin gabas suke kallo, wajen fitowar rana. A ciki akan ajiye gawa a naɗe kamar ɗan tayi, tare da abinci da kayanta. Nemi hasumiyar da aka sassaƙa wa ƙadangare a jiki. Waɗanda suka tsage kuma, aikin masu tonon dukiya ne da tsawa.

Makabarta ce, kada ka hau bango ko ka ɗauki dutse. Rigar sanyi, hula da man kariya daga rana dole ne. Leƙa tafkin Umayo ta baya kafin ka sauko. In da sauran numfashi washegari, akwai wasu hasumiyoyin a Kutimbo, sai dai hawan can ya fi wannan tsanani.