Farin tabo a fuskar yaro: kurakuran da iyaye ke ta maimaitawa

Da hunturu ya kankama sai a fara ganin yara da fari-fari a kumatu da gefen baki, kamar an barbaɗa musu gari. Kowa sai ya ce kyasbi ne, a garzaya kemis. Alhali yawancin irin wannan tabon a fuskar 'yan shekara 3 zuwa 16 ba kyasbi ba ne. Likitoci na kiransa pityriasis alba, bushewar fata ce da ɗan kumburin da ya rage mata launi a wurin. Gefensa ba shi da iyaka tsayayya, yana da ɗan ɓarɓashi, ba a ɗaukarsa daga wani yaron, kuma yakan tafi da kansa bayan watanni, wani lokaci har shekara ɗaya ko biyu.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne man shafawar nan da ake ce wa mai aiki uku. Ki juya kwalin ki karanta. In kin ga clobetasol ko betamethasone, ki mayar da shi, ba na fuskar yaro ba ne. Magunguna ne masu ƙarfin gaske, fatar fuskar yaro kuwa siririya ce, tana shanye su da sauri. Yaudararsa ita ce cikin kwana uku ko huɗu wurin ya yi sumul, sai uwa ta ce an dace, ta ci gaba da shafawa wata da watanni. Daga nan fatar ta ƙara sirancewa, ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, ƙuraje su fito kewayen baki, farin da ake gudu ya ƙara faɗi, don shi kansa man yana kashe launin fata. In ana kai shi kusa da ido yana iya taɓa lafiyar idon. In kuma asali ciwon naman gwari ne irin kyasbi, man zai ɓoye alamarsa yana ta yaɗuwa a ƙarƙashi. Wai don maƙwabciya ta gwada ya yi mata? Haba! Wanda ya riga ya shafe makonni yana amfani da shi, a kai yaron asibiti a tsara yadda za a janye, don yankewa farat ɗaya kan sa fuskar ta yi ja ta ɗau zafi.

Na biyu, ƙona fata da sunan magani: lemun tsami, tafarnuwa, kanwa, toka, har da man birki. Lemun tsami in ya haɗu da rana ƙuna yake yi, ya bar baƙin tabon da ya fi farin daɗewa. Fatar da bushewa ta dame ta ba ta buƙatar abin da zai ƙara cinye ta.

Maganin tsutsar ciki ba ya goge tabon nan. Dirje fuska da soso ko sabulun wanki ƙara shi yake yi.

Ni tsarin da na fi yarda da shi bai da tsada. Wanka sau ɗaya a rana da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu mara ƙamshi. A tsane fuskar da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa basilin ko man kaɗanya zalla tun fatar na da danshi, a maimaita sau biyu ko uku a yini. In wurin ya yi ja ko yana ƙaiƙayi, a shafa man hydrocortisone 1% siriri sau biyu a rana na mako ɗaya, kada ya wuce biyu. A sa wa yaron hula da tsakar rana, domin rana na ƙara duhun fatar da ke kewaye, tabon ya ƙara fitowa fili.

Kyasbi na gaskiya ya fi son goshi da wuya da ƙirji, ya fi tashi lokacin zafi da gumi, kuma in aka ɗan kankare shi da farce sai ya zubar da gari. Maganinsa man shafawa na clotrimazole 1% shi kaɗai, safe da dare, mako 2 zuwa 4. Launin kan ɗauki watanni kafin ya dawo, don haka ganin fari bayan an gama ba dalilin ƙara magani ba ne.

Kala biyu ne ba a zama da su a gida. In tabon fari ne fat kamar madara, iyakarsa a fili, ba ɓarɓashi, musamman kewayen ido ko baki, ko gashin wurin ya yi fari, yana iya zama vitiligo, ciwon da ke ɗauke launin fata gaba ɗaya a wurin, sai likitan fata. Ɗayan kuma ana gwada shi da auduga: a sa yaron ya rufe ido, a shafa masa a fata mai lafiya, sannan a kan tabon, ya nuna inda ya ji. In bai ji a kan tabon ba, a je a duba kuturta a makon nan. Tana warkewa da maganin wata 6 ko 12, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati.