Yadda ake haɗa shirin tarihi a kan wasa guda na ƙwallon ƙafar Amurka

Abin da ake gina irin wannan shiri a kansa, wato hari guda a cikin wasa, yawanci bai kai rabin minti ba, amma gurbin rabin awa a talabijin na Amurka yana buƙatar kusan minti 22 na shiri, sauran na talla ne. Saboda haka aikin duka shi ne ka shirya mai kallo tun kafin a jefa ƙwallon, sannan ka gaya masa gaskiya a kan abin da kyamara ta gani da wanda ba ta gani ba. Za mu bi matakan da wasan da ake kira Immaculate Reception, wanda aka yi ranar 23 ga Disamba, 1972 a filin Three Rivers na birnin Pittsburgh, a karawar Pittsburgh Steelers da Oakland Raiders.

Fara da takarda, kafin ka taɓa hoto ko ɗaya. Rubuta halin da ake ciki a layi guda: Raiders na da maki 7, Steelers 6, saura daƙiƙa 22, ƙwallo na hannun Steelers a kan yadi na 40 a ɓangarensu, kuma wannan ce dama ta huɗu da yadi 10 a gabansu. Mai kallon da bai san wasan ba sai an faɗa masa cewa ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Jimla biyu sun isa. Daga nan ka ƙara abin da ya ba lamarin nauyi: an kafa Steelers a 1933, kuma har zuwa wannan rana ba ta taɓa cin wasan zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba. Mai ƙungiyar, Art Rooney, ya riga ya shiga lif zai sauka ya jajanta wa 'yan wasansa, don haka bai ga abin da ya faru ba.

Akwai doka guda da dole ka bayyana kafin a nuna wasan, in ba haka ba gardamar ba za ta yi ma'ana ba. A wancan zamani, idan ƙwallon da aka jefa ya taɓa ɗan wasan masu kai hari, abokinsa ba shi da ikon cafewa sai wani daga masu tsaro ya taɓa. An soke dokar a 1978. Terry Bradshaw na Steelers ya jefa wa abokin wasansa John Fuqua, Jack Tatum na Raiders ya yi karo da shi a daidai lokacin, ƙwallo ya yi tsalle baya, Franco Harris na Steelers ya cafe shi dab da ƙasa ya ruga har ƙarshen fili ya ci maki. An tashi Steelers 13, Raiders 7. Tambayar ita ce wa ƙwallon ya buga, Tatum ko Fuqua shi kaɗai, kuma ya taɓa ƙasa kafin Harris ya kama ko kuwa. Masu shiri da yawa suna ajiye bayanin dokar sai bayan sun nuna wasan, suna ganin hakan zai ƙara armashi. Mai kallo kuwa sai ya kalli wurin da bai kamata ba, ya bi gudun Harris maimakon ya sa ido a kan karon.

Sai neman hotuna. Tushe biyu ne: faifan gidan talabijin da ya watsa wasan, a nan NBC, da fim ɗin milimita 16 na NFL Films, sashen fim na hukumar gasar, wanda Ed Sabol ya faro a 1962, ɗansa Steve ya ci gaba da shi. Tsarinsu shi ne kyamara ɗaya a sama mai ɗaukar fili duka, wata a ƙasa gefen layi mai ɗaukar fuskoki da hannaye cikin tafiyar hawainiya, wata kuma mai yawo tana farautar 'yan kallo da benci. Ka nemi dukkansu, ka jera su a kan layin lokaci guda, ka daidaita su da abu ɗaya da kowace ta kama, kamar sa'ad da ƙwallo ya bar hannun Bradshaw. Kada ka ɗauka faifan talabijin na nan daram. A da ana goge kaset a sake ɗauka a kai saboda tsadarsa. CBS da NBC duka sun watsa Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, na farko a Janairun 1967, kuma dukkansu ba su adana nasu ba. Sai a 2016 aka harhaɗa wasan daga guntayen fim aka ɗora masa sharhin rediyo. Hotunan nan kuma duk na masu su ne. Ka samu lasisi a rubuce, wanda ya faɗi tsawon daƙiƙoƙi, ƙasashe da shekaru, kafin ka fara tacewa, domin YouTube na iya toshe shiri duka a kan ɗan gutsure.

A ɗakin tacewa ne aka fi yin ɓarna. Fim yana gudu da hotuna 24 a daƙiƙa, talabijin na Amurka kuwa 29.97, kuma don su dace akan maimaita wasu rabin-hotuna a tsarin 3 da 2. Idan ka rage gudu ba tare da ka cire wannan maimaici ba, ƙwallon zai fito biyu-biyu kamar yana da inuwa, a daidai hoton da kake son a gani tar. Ka cire shi tukuna. Idan tashar da za ta watsa tana aiki da hotuna 25, kamar na Najeriya da Nijar, mayar da 24 zuwa 25 yana ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari, murya ta ɗan sirance, sai ka gyara ta daban. Tsohon hoto 4:3 ne; kada ka miƙe shi ya cika allon 16:9, kuma kada ka yanke sama da ƙasa. A wannan wasa ƙasan hoton shi ne wurin rigimar, tunda a nan hannun Harris da ƙwallo suke. Bar baƙin gefe a dama da hagu. Manhajojin da ke ƙirƙiro hotuna a tsakani don tafiyar hawainiya ta yi santsi ba su da wuri a nan ko kaɗan: abin da suka zana ba kyamara ce ta gani ba, kuma mai kallo zai ɗauke shi hujja.

Sauti ka ɗauko daga rediyo. Dokar lokacin ta hana nuna wasan gida a talabijin a yankin Pittsburgh, don haka mutanen garin da ba su shiga fili ba yawancinsu ta muryar Jack Fleming suka ji shi. Sa'ad da aka zo nuna wasan a karon farko, ka kashe kiɗa, ka sa mai ba da labari ya yi shiru, ka bar sharhin da ihun jama'a a gudun gaske, ba yanka. Karo na biyu da na uku ne na tafiyar hawainiya da bayani. Tashoshin Amurka suna karɓar ƙarfin sauti a -24 LKFS, na Turai -23 LUFS; duka biyun ma'aunin ƙarfin sauti ne. Tambayi tasharka tun da wuri.

Hira kuwa tana son haƙuri. Ka nemi ɓangarorin biyu. Tatum, wanda ya rasu a 2010, ya ce Fuqua ƙwallon ya buga. Fuqua ya sha cewa ya san gaskiya amma ba zai faɗa ba. Phil Villapiano na Raiders yana cewa an tare shi ta baya ba bisa ƙa'ida ba yayin da yake bin Harris. Ka bar kowa ya faɗi nasa, ka nuna hoton da ya shafi maganarsa nan take, kada mai ba da labari ya yanke hukuncin da hoto bai yanke ba. Yi tambaya a kan abin da mutum ya gani daga inda yake tsaye, ka roƙe shi ya amsa da cikakkiyar jimla tunda za a cire muryarka, kuma ka naɗi shirun ɗakin na minti ɗaya don cike gurbin yanka. Kada ka nuna masa faifan kafin tambayar farko, domin zai ba ka abin da ya gani a allo ne maimakon abin da ya tuna. John Madden, kocin Raiders a ranar, ya rasu a 2021, Harris kuma a Disambar 2022, saura kwana uku wasan ya cika shekara 50. Muryoyinsu yanzu sai daga tsofaffin hirarraki, kuma kowace ka sa, rubuta shekarar da aka yi ta a ƙasan allo.

Minti biyun ƙarshe ka ba abin da ya biyo baya, ba ƙari ba ragi. Mako guda bayan haka Miami Dolphins ta doke Steelers 21 da 17, kofin Super Bowl na farko kuma bai zo Pittsburgh ba sai a Janairun 1975.