Darasi na 9: Ɗan Zanzaron da Ido Ba Ya Kamawa

Kowa ya san zanzaro mai gina ɗakin laka a bango. Yana da wasu 'yan'uwa ƙanana ƙwarai, yawancinsu tsakanin rabin milimita da milimita 1, ko kusa da ƙwayar riɗi ba su kai ba. Masana suna kiran danginsu Mymaridae. A cikinsu ne ake samun ƙwaron da ya fi kowane ƙwaro ƙanƙanta a duniya: namijin wani iri mai tsawon milimita 0.139, ba ido, ba fiffike.

Ba sa harbin mutum. Macen tana neman ƙwan wani ƙwaro ta huda shi, ta saka nata a ciki, ɗanta ya cinye na cikin ya fito. To, manomin masara ya saurara. Ciwon nan da ke sa ganyen masara zane-zane rawaya, ƙananan ƙwari masu tsalle ne ke yaɗa shi, kuma ƙwan ƙwari masu tsalle shi ne abincin 'ya'yan wani gida a dangin nan mai suna Anagrus. Feshin da aka yi barkatai har da Anagrus ɗin yake kashewa.

Yadda ake jera su kamar yadda muke jera mutane ne: dangi, gida, sannan iri. Dangin yana da gidaje kusan 100, iri kuwa sun kai 1,400.

Kama su ba wuya. Nemi kwanon roba rawaya, zuba ruwa da ɗan omo, ajiye shi a gindin shuka da safe. Da yamma a tace da farin ƙyalle, a zuba abin da ya rage cikin kwalbar sifirit. Daga nan sai madubi mai ƙara girman abu, irin na ɗakin bincike. Mu a Zariya abin ya zo gida, tunda ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru.

Fara da fiffike. Idan gefensa na da dogon gashi kamar gezar rawani, fiffiken baya kuma siriri ne mai ƙota kamar ludayi, ka shigo dangin. Amma kama da wane ba ta wane, saura gida. Duba ƙahonin kai guda biyu: na mace suna ƙarewa da kulki, na namiji kamar zare. Macen za ka ɗauka, ta fi sauƙin ganewa. Sai ka ƙirga gaɓoɓin ƙarshen ƙafa, a hankali, don nan ne mai gaggawa ke faɗuwa. Idan 4 ne, Anagrus na iya zama. Gidan Gonatocerus 5 gare su. Amma gidan Polynema ma 4 ne, don haka a koma ga ƙugu. Polynema na da siririn ƙugu, shi ne ya yi zanzaro da gaske, kamar ɗan makarantar da ya cusa riga a wando. Anagrus ba shi da wannan, cikinsa manne yake da ƙirji.

Aikin gida: a rubuta a 'yar takarda da fensir, ba biro ba don sifirit na wanke tawada, sunan garin, ranar, da shukar da aka ajiye kwanon. A jefa ta cikin kwalbar, a zo da ita aji mako mai zuwa.