Kalmar "govern" a takardar haya da wasiƙar makaranta

Ɗan'uwa da ka sauka Birtaniya kwanan nan, akwai wata kalmar Turanci da nake so ka saba da ita kafin ka sa hannu a kowace takarda, wato "govern". Ba baƙuwarmu ba ce, gwamna da gwamnati duk danginta ne. Daga Girkanci ta taso, ta biyo ta Latin, kuma ma'anarta ta asali tuƙa jirgin ruwa. Mu da mun ji ta sai mu hango mutum a kan kujerar mulki. A nan kuwa sau da yawa doka ce ko takarda ke riƙe da akalar.

Buɗe yarjejeniyar hayar gidanka, ka gangara can ƙarshe inda yawancin mutane sun gaji da karatu. Mai yiwuwa ka tarar da "governed by the laws of England and Wales". Nufinsa, in rigima ta tashi tsakaninka da mai gida, da dokar Ingila da Wales za a raba ku. Don Allah kada ka tsallake layin nan. Scotland dokarta daban, Ireland ta Arewa ma haka. A Ingila, tun 2019, kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa ba ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje, kuma dole ya sa shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. A Scotland yana iya kaiwa hayar wata 2. Ka ga ke nan shawarar abokinka na Glasgow a Scotland ba lalle ta fisshe ka a Leeds ta Ingila ba.

Ko a ma'anar mulki da muka saba, ba Sarki Charles ne ke "govern" ba: sarauta yake yi, tafiyar da gwamnati aikin Firayim Minista ne.

Wanda ya fi damuna shi ne wasiƙar makaranta. Yaro zai kawo takarda mai ambaton "governors", uba ya ajiye ta gefe, a zatonsa maganar manya ce. Alhali a Ingila kwamiti ne na masu aikin sa kai da ke sa ido kan kuɗin makaranta da aikin shugabanta, kuma akwai kujerun iyaye a ciki, iyayen ne da kansu suke zaɓa. In an buɗe takara, ka rubuta sunanka ka mayar da takardar.